Idan shafin biyan kuɗi ya tsaya cak a wayarka, kar ka sake dannawa

A shirin wannan mako mun taɓo matsalar da ke damun 'yan kasuwa a Briqueterie, unguwar Hausawa ta Yawunde, musamman masu sayar da yadi da masu karɓar shanun da jirgin ƙasa ke kawowa daga Ngaundere. Ka shiga shafin intanet za ka biya kuɗin kaya ko na mota, ka rubuta lambarka, ka danna maɓallin biya, sai shiru. Ka ce rezo ne. Sau da yawa rezo lafiya lau yake, wayarka ce ta tare hanya.

Ga yadda abin yake. Kusan duk shafin zamani yana tafe da wasu ƙananan umarni da ake kira JavaScript. Su ne ke sa maɓalli ya yi aiki, su ne ke kai lambarka wurin MTN ko Orange, su dawo maka da amsa. To, da irin waɗannan umarnin ne kuma ake cusa tallace-tallace masu cinye data. Shi ya sa aka ƙera manhajojin da ke toshe su, kuma wallahi suna da amfani ga wanda ke lissafin kowace jaka da ya sa a waya.

Sai dai mai toshewar ba ya tantancewa kamar mutum. Yawanci shafin da kake ciki na kamfani ɗaya ne, mai karɓar kuɗin kuma wani kamfani ne daban. Kamar mai gadin kara ne da aka ce kar ya bar baƙo ya shiga: ya bar mai shanu ya wuce, ya tare yaron dillali, alhali rasit ɗin yana hannun yaron.

Na Opera Mini ya fi rikitarwa, kuma shi yawancinmu muka saba da shi tun zamanin ƙananan wayoyi. Idan ka sa shi a matakin tsimin data mafi tsanani, wayarka ba ta buɗe shafin da kanta. Kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shi a can nesa, su matse shi, su aiko maka. Umarnin shafin a can suke aiki, na ɗan lokaci kaɗan, sai a katse. Shafin biyan kuɗi kuwa jira yake ka tabbatar da lambar sirri, wani lokaci minti guda ko fiye. Kafin ka gama, an riga an yanke. Don karanta labarai ba laifi, amma ni dai ba zan biya ko dala a wannan mataki ba.

Haɗarin shi ne kuɗin na iya fita alhali shafin bai nuna maka ba. Ka sake dannawa, su fita sau biyu, ka shiga zaryar ofis kana neman a maido, mota kuma ta tashi. Saboda haka ka dakata. Duba saƙon SMS, ko ka buga *126# idan MTN ne, #150# idan Orange ne, ka ga abin da ya rage. Waɗannan lambobin ba sa buƙatar data.

Idan kuɗin bai fita ba, gyaran ba wuya. A Opera Mini, shiga saiti ka kashe tsimin data da toshe talla, sannan ka sake buɗe shafin. A Brave, taɓa hoton zakin nan ka sauke kariyar ga wannan shafin kaɗai. A Firefox, idan yaron shago ya sa maka uBlock Origin ko NoScript, nan ma ana iya ba shafi ɗaya izini. Chrome na Android shi ba ya karɓar irin waɗannan ƙarin manhajoji, don haka ajiye shi na biyan kuɗi kawai ya fi sauƙi.

Amma fa shafin da ka sani kake buɗe wa ƙofa. Wanda baƙo ya turo maka ta WhatsApp yana cewa ka ci kyauta, bar shi a toshe. In ka gama biya, ɗauki hoton rasit ɗin, ka mayar da tsimin data yadda yake.