Yadda A Ke Gina Jirgin Sama A Gida

Tun daga watan Fabrairu na 2022, sa'ad da Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya zo ya buɗe filin jirgin sama na Lafia, wanda aka shimfiɗa a ƙasarmu ta Kwandere, yaran garinmu suka kamu da zancen jirgi. A da, in an yanke dawa, motar kara su kan yi. Yanzu kuwa sai ka ga yaro riƙe da jirgin kara, har da fikafikai da farfela. Duk wanda aka tura gwajin koyarwa a makarantun wajen nan, lalle zai gamu da tambayar da na gamu da ita: "Malam, mutum ɗaya yana iya ƙera jirgin sama na gaske a gidansa?" Amsa ita ce i, yana iyawa, gama dubban mutane sun ƙera, sun kuwa tashi a ciki. Amma malamin da ya ce i ya yi shiru, rabin amsa ya bayar, rabin nan kuwa yana iya jawo hasarar rai. Saboda haka na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda a ke yin aikin, gwargwadon abin da na karanta.

Bari mu fara da gida. A 2007 jaridun duniya suka cika da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen ƙarfe da injin mota ƙirar Honda Civic. An ce jirgin ya tashi, amma bai taɓa wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Kafin wannan, a 1989, an nuna wani ƙaramin jirgi mai suna Air Beetle, wanda kamfanin AIEP ya haɗa a Kaduna, daga baya aka yi guda 60 domin koya wa sojan sama tuƙi. Asalinsa jirgin RV-6A ne na kamfanin Van's na Amurka, irin wanda mutane ke haɗawa da kansu a gida. To, me ya sa na Kaduna ya yi ta yawo a sama shekara da shekaru, na Kano kuwa ya tsaya a ƙafa 7? A ganina ba rashin basira ba ne, gama wanda ya ɗaga ƙarfe daga ƙasa da injin mota ba ƙaramin haziƙi ba ne. Mutanen Kaduna suna da zane a hannu, wanda wani ya riga ya lissafta, ya gina, ya gwada, ya gyara. Mubarak kuwa shi kaɗai ya ke lalube.

Zanen nan, wanda magina ke ce wa fulan, ba takarda ɗaya ba ce. Littafi ne guda mai babi-babi, tare da manyan takardu da aka zana kowane sashe daidai girmansa, kamar takardar da tela ke ɗorawa bisa yadi ya bi ya yanka. Wanda ya yi suna wajen irin zanen da za mu yi magana a kansa shi ne Burt Rutan, injiniya wanda ya yi aiki a garin Mojave cikin jihar Kalifoniya ta Amurka. Jirginsa VariEze ya fara tashi a 1975, ya soma sayar da zanensa a 1976. Sa'an nan ya yi Long-EZ, wanda ya tashi a 1979. Long-EZ mutum biyu ya ke ɗauka, ɗaya a bayan ɗaya. Faɗin fikafikansa ƙafa 26, injinsa mai ƙarfin doki 115, yana gudun mil 180 a awa. Nauyinsa in ba kowa ba mai a ciki wajen kilo 320 ne, watau buhun siminti shida da rabi. Rutan ya daina sayar da zane a 1985, amma wani mai suna Nat Puffer ya ɗauki dabarar ya fitar da jirgin Cozy, wanda mutane suka ci gaba da ginawa.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, jirgin nan ba da ƙarfe a ke yin jikinsa ba, ba kuwa da katako ba. Dabarar tana nan cikin abin wasan yaranmu. Ku ɗauki karan dawa ku duba. A waje akwai ɓawo mai tauri, a ciki akwai totuwa. In ka ɓare ɓawon shi kaɗai, sai ya lanƙwashe kamar igiya. Totuwar kuma ko jariri ya karya ta. Amma in suna manne da juna, ga kara ya tsaya ya fi mutum tsawo, yana ɗauke da zangarniya, iska na kaɗa shi bai karye ba. Aikin totuwa shi ne ta raba ɓawon wannan gefe da na wancan, ta hana su lotsawa. Ɓawon shi ke ɗaukar nauyi.

Haka jirgin Rutan ya ke. Totuwarsa wani abu ne mara nauyi, dangin farin abin nan da a kan tarar cikin kwalin sabuwar rediyo, sai dai nasa ya fi tauri. Zan riƙa kiransa totuwa. Ɓawonsa kuwa abu biyu ne a gauraye: yadin da aka saƙa da zaren gilashi, da wani gam mai suna ifoksi, dangin Araldite da a ke sayarwa a kasuwa cikin 'yan kwalabe biyu. Zaren gilashi yana da ƙarfin ja ƙwarai, amma ba ya iya tsayawa da kansa. Gam kuma in ya bushe shi kaɗai sai ya tsage. In an jiƙa yadin da gam ya bushe, sai su zama abu guda mai ƙarfi. Kakanninmu sun san wannan tun tuni, shi ya sa ba su yin gini da laka tsura, sai sun tattake ta da ciyawa.

Littafin ba ya barin mutum ya taɓa jirgin tun da fari. Sai ya fara yin 'yan ƙananan gwaje-gwaje. Ɗaya daga cikinsu shi ne ya lulluɓe ɗan guntun totuwa da yadi da gam, in ya bushe ya hau kansa ya tsaya da dukan nauyinsa, ya ga bai karye ba. Wannan ya burge ni, don dabarar koyarwa ce sosai: a bar ɗalibi ya gani da idonsa kafin a ce ya yarda.

Sa'an nan a zo ga fiffike. A kan kawo totuwa dunƙule-dunƙule, a kafa samfurin fiffike a wannan gefe, a kafa wani a wancan gefe. A ɗaure siririyar waya a jikin sanda kamar baka, a sa mata lantarki ta yi zafi. Mutum biyu su riƙe ta, kowa yana bin bakin samfurinsa, wayar tana narkar da totuwa tana wucewa. An rubuta lambobi a bakin kowane samfuri, ɗaya yana kira, "ɗaya, biyu, uku," domin su isa kowace lamba tare. In ɗaya ya riga ɗaya, fiffiken ya karkace ke nan, sai a zubar a sake. Akwai kuma wata irin totuwa da ba a yanka ta da waya mai zafi ko kaɗan, gama hayaƙinta guba ne, sai da wuƙa da sanfefa. Wadda a ke yin fiffike da ita kuwa fetur yana narkar da ita, don haka tankin mai wata iri dabam a ke sa masa. Duk littafin ya faɗi wannan, wanda bai karanta ba sai ya ga duk totuwa ɗaya ce.

Yadin ma iri biyu ne. Akwai wanda galibin zarensa ya miƙe waje ɗaya, akwai wanda aka saƙa tsaye da kwance daidai wa daida. Zare ba ya da ƙarfi sai ta inda ya miƙe, saboda haka zane ya kan faɗi irin yadin da za a sa, da ninki nawa, da inda zarensa zai fuskanta, sau da yawa a karkace, kusurwa 45. Mutum ya shimfiɗa yadi da kyau amma ya juya zarensa wani waje, a ido ba za a ga bambanci ba, sai ran da jirgin ya sha iska mai ƙarfi a sama.

Wajen gam nan ne na ga ƙasarmu za ta ba mai aiki wuya. Ruwa biyu ne a ke haɗawa, a kan sikeli a ke auna su, ba da ƙiyasin ido ba. In awon ya kauce, gam ɗin ba zai taɓa yin ƙarfinsa ba. Da an haɗa sai ya fara kamawa, kuma zafi yana ƙara masa sauri. An fi son a yi aikin a ɗakin da zafinsa ke tsakanin 21 da 27 a ma'aunin Santigired. Ku kuwa kun san yadda Lafia ta ke a watan Maris, har ta kan wuce 35. A irin wannan rana gam yana iya daskarewa cikin kofi kafin a gama shafawa. Da damina ga laima, da hunturu ga ƙura, dukansu kuwa suna hana sabon shafi kama tsoho. Wanda zai yi aikin a nan sai ya zaɓi asuba, ya rufe ɗakinsa. Gam kaɗan ya bar yadi a bushe, a ga fari-fari, wurin ba ƙarfi. Gam da yawa kuma nauyi ne kawai, sai a bi da faifan roba a tatse shi. A kan sa safar hannu kullum, gama akwai waɗanda gam ɗin ya ɓata wa fata har suka bar aikin a tsakiya. In an gama, a cike ramuka, a yi ta gugar sanfefa wata da watanni, kāna a shafa fenti, fari a ke so. Baƙi ko ja suna shan rana, in jikin jirgin ya yi zafi ainun gam ya kan fara laushi.

Siffar jirgin ma abin kallo ce, kamar an juya shi gaba ya koma baya. Inji da farfela suna baya suna turawa, ƙaramin fiffike kuwa yana gaba wajen hanci. Hikimar ita ce, in matuƙi ya ɗaga hanci fiye da kima, ƙaramin fiffiken ne ke fara gazawa, sai hancin ya sunkuya da kansa tun babban fiffike bai gaza ba. Amma wannan sai in nauyi yana inda zane ya ce. Kun san in an labta wa keke kaya a baya, ƙafar gaba ta kan tashi. Don haka in an gama jirgi sai a ɗora ƙafafunsa uku bisa sikeli uku, a lissafta inda tsakiyar nauyinsa ta faɗa. Lissafin nan bai wuce sau da rabawa ba, irin wanda za mu koyar a aji shida.

Ga abin da kauce wa zane ya ke jawowa. Ran 12 ga Oktoba 1997, mawaƙin nan na Amurka, John Denver, ya faɗa cikin teku kusa da Monterey a cikin Long-EZ da ya saya daga hannun wani, ya rasu. Jirgin yana da tankin mai biyu, da abin murɗawa a juya daga ɗaya zuwa ɗaya. Zanen Rutan ya ce a sa abin nan tsakanin ƙafafun matuƙi. Wanda ya gina wannan kuwa ya mai da shi bayan kafaɗar hagu, da nufin ya nisanta bututun fetur daga wurin zama. Nufi mai kyau ne. Ran nan man da ke cikin jirgin kaɗan ne, tanki ɗaya ya ƙare. Masu bincike suka ce da Denver ya waiwaya zai murɗa abin, sai ƙafarsa ta danne matakin juya jirgi, jirgin ya kubce masa, ga shi kuwa yana kusa da ruwa.

Saboda irin wannan ne hukuma ba ta sakar wa mai gini ragama ba. A Amurka doka ta yarda mutum ya gina jirgi domin koyo ko nishaɗi, muddin shi ya yi fiye da rabin aikin. Sai mai duba ya zo ya duba, a rubuta a jikin jirgin cewa na gwaji ne, sa'an nan a yi ta gwada shi awa 25 ko 40 a wurin da aka keɓe, kafin a ɗauki fasinja. Kafin tashin farko ma sai an yi ta gudu da shi a ƙasa. A nan Nijeriya hukumar NCAA ce ke yi wa jirage rajista, lambarsu tana farawa da 5N. Tuƙi kuwa ana koyonsa a kwalejin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Wanda ya iya gini bai zama matuƙi ba tukuna.

Sai batun lokaci. Aikin ya kan ci awa 2,000 ko fiye. In malami ya ba shi awa biyu kowane maraice, ba fashi ko ran Lahadi, kwana 1,000 ke nan, kusan shekara uku. Kuɗin inji kaɗai ya fi ƙarfin albashin malami nesa ba kusa ba. Amma jirgin da aka gina bisa ƙa'ida ba abin rainawa ba ne. A 1997 Dick Rutan, wan Burt, da abokinsa Mike Melvill suka zaga duniya cikin Long-EZ biyu da suka gina da hannunsu.

Ba na tsammanin waninmu zai gina jirgi a bana, amma ana iya nuna wa yara asalin dabarar ba tare da kashe ko kwabo ba. A sami karan dawa uku masu kauri ɗaya, a yanka kowanne inci 12. A bar ɗaya yadda ya ke, a ɓare ɗaya sai totuwa, na uku a ɓare shi a mai da ɓawon a ɗaɗɗaure da zare ba manni. A gitta kowanne tsakanin tebur biyu, a rataya gwangwani a tsakiya, a riƙa zuba tsakuwa ɗaya ɗaya ana ƙirgawa har ya karye. Kowane yaro ya fara rubuta ƙiyasinsa kafin a zuba, sa'an nan ya rubuta adadin da ya gani a gefensa.