Ɗingishin Ƙaramin Kare: Yaushe Ake Zuwa Asibiti?

A wannan ɗan taƙaitaccen bayani zan duba ɗingishin ƙananan karnuka, irin su Chihuwahuwa da ake kiwo a gidajen Legas da Ibadan. Bahaushe ya bambanta targaɗe da gocewar ƙashi da karaya, kuma kowannensu yana sa kare ɗingishi.

Da farko nakan shawarci mai kare ya duba dagin, ko ƙaya ce, ko kwalba, ko farce ne ya tsage. A yi hattara, domin kare mai jin zafi yana iya cizon uban gidansa. Idan yana taka ƙafar kuma yana cin abinci, sai a hana shi guje-guje na awa 24 zuwa 48. In bai samu sauƙi ba, a nemi likitan dabbobi.

Amma ba a jira idan ya ƙi taka ƙafar sam, ko ta kumbura, ko tana reto, ko jini ya ƙi tsayawa, ko mota ta buge shi. Haka nan jan ƙafafun baya yana iya nuna lahani a laka.

Akwai kuma gocewar ƙoƙon gwiwa, wadda ta yawaita ga ƙananan karnuka: sai kare ya ɗage ƙafar baya na 'yan taku, sannan ya ci gaba kamar lafiya lau. Wannan ma a kai shi, don kada gaɓar ta lalace.

A ƙarshe, ina jan kunne: kada a ba shi maganin mutane irin Ibuprofen, domin yana lalata masa ciki da ƙoda.