Rarraba fayiloli ta ƙaramar saba a wurin da babu intanet: misalin aikin bincike a Alakoss

Wannan ƴar maƙala ta shafi ɗaliban da ke tattara kalmomi da tatsuniyoyi a karkara, musamman a yankuna irin su Alakoss cikin gundumar Gure, jahar Damagaram, inda ba a iya dogara da intanet. Matsalar ita ce: mai bincike ya shirya ƙamus ɗinsa a shafukan HTML tare da muryoyin da ya ɗauka, yana kuma son abokan aikinsa su duba su a wayoyinsu kafin a bar garin.

Buɗe fayil kai tsaye ba ya wadatarwa, domin burauza kan hana shafi ya karanto wani fayil na JSON idan adireshin ya fara da file://. Maganin shi ne a mayar da kwamfutar kanta saba, abin da ake kira serveur da Faransanci. A shiga jakar aikin, a rubuta:

python3 -m http.server 8000

Daga nan adireshin http://localhost:8000 zai nuna shafin. Tsohon umarnin SimpleHTTPServer na Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun 2020. Idan aka kunna wifi na waya ɗaya, sauran suka haɗu a kansa, kowa na iya shiga ta lambar IP ta kwamfutar, ko da babu kuɗin intanet ko kaɗan.

Abin da ya fi damun masu nazarin Hausa shi ne haruffa masu lanƙwasa. Wannan saba ba ta faɗa wa burauza tsarin haruffan fayil, sai burauza ta yi hasashe. A UTF-8, harafin ƙ baiti biyu ne, C6 da 99. In an karanta su da tsarin Windows-1252 sai su fito Æ™, ɗ kuma ya koma É—. Fayil ɗin lafiya lau yake, karatun ne ya karkace, saboda haka kada ɗalibi ya yi gaggawar sake buga rubutunsa. Layi ɗaya a kan shafin, <meta charset="utf-8">, ya isa. Fayil na .txt ba shi da wurin wannan layi, shi ya sa muke ganin gara a zuba matanin cikin HTML.

Akwai kuma batun sauti: sabar ba ta aika yankin fayil, sai dukansa, don haka tsallakawa zuwa tsakiyar doguwar hira na iya ƙi. A yanka hirar gajeru-gajeru.

Sai amanar masu ba da bayani. Duk wanda ke kan wifi ɗin yana ganin duk abin da ke cikin jakar, har da sunaye da hirarrakin da ba a yarda a yaɗa ba. A ware jaka ta musamman da --directory, wanda ya shigo a Python 3.7 cikin 2018; mai aiki shi kaɗai kuma ya ƙara --bind 127.0.0.1.