Gwajin Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro: Su Wa Ake Bari A Waje?

Duk maganin zazzaɓin cizon sauro da likita zai rubuta a asibiti, ko mai kemis zai miƙo daga kan kanta, sai da aka gwada shi a jikin mutane kafin hukuma ta yarda a sayar. Amma mutanen da akan yi wannan gwaji da su zaɓaɓɓu ne, kuma sau da yawa ba su yi kama da majinyatan da ke cika asibitocin ƙasar nan da damina ba. Jarirai ƙanana, da mata masu sabon ciki, da yara masu tamowa, watau waɗanda cutar ta fi yi wa illa, su ne galibi akan bari a bakin ƙofa.

Maganar ta shafi Nijeriya fiye da kowace ƙasa. Bisa ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2023 an kamu da wannan zazzaɓi sau miliyan 263 a duniya, ya kuma kashe mutum wajen 597,000. Fiye da rubu'in waɗanda suka kamu a Nijeriya suke, haka kuma kusan sulusin waɗanda suka rasu. A nahiyar Afirka, yara uku cikin kowane mutum huɗu da cutar ta kashe ba su kai shekara 5 ba.

Yadda Ake Zaɓe

Gwajin magani ba ya ƙarewa, domin ƙwayar cutar takan koyi bijire wa magani. Kulorokwin, wanda ya daɗe yana ceton rayuka, ya fara gazawa a gabashin Afirka a 1978, har Nijeriya ta bar shi a 2005 ta koma ga gamin magungunan da ake kira ACT. Tushen waɗannan shi ne atimisinin, wanda masanan ƙasar Sin suka tato daga wani tsiro dangin tazargade a farkon shekarun 1970.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ƙa'idar auna ƙarfin irin waɗannan magunguna, kuma gwaje-gwajen sababbin magunguna ma kusan hanyar suke bi. A inda cutar ta yi yawa, akan ɗauki yara daga wata 6 zuwa wata 59. Sai an duba jinin yaro da madubin likita an ga ƙwayar cutar iri ɗaya tak, kuma yawanta bai gaza wani adadi ba, bai kuma wuce wani ba. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amai ba ƙaƙƙautawa, ba ya shiga. Mai tamowa mai tsanani ba ya shiga, haka ma mai wata cuta daban da ke kawo zazzaɓi. Idan gwajin ya haɗa da manya, mace mai ciki ba ta shiga.

Wanda ya tsallake wannan siraɗi kuwa, ma'aikacin lafiya ne zai ba shi magani da hannunsa, ya tsaya ya ga ya haɗiye. In ya amayar nan take, a sake ba shi. Sa'an nan a bi shi har kwana 28 ko 42 ana duba jininsa. Idan maganin ya gaza a fiye da kashi 10 cikin ɗari na majinyata, akan shawarci ƙasa ta sake magani.

Masana ba don mugunta suke wannan tankaɗe ba. Idan yaro mai ciwo uku ya mutu a tsakiyar gwaji, da wuya a gane ko maganin ne ya gaza ko ɗayan ciwon ne ya yi ajalinsa. Game da masu ciki kuwa, likitoci ba su manta da talidomaid ba, maganin da mata suka sha a Turai da wasu ƙasashe tsakanin 1957 da 1961, aka haifi dubban jarirai da naƙasar hannuwa da ƙafafu. To, amma wanda aka hana shiga gwaji ba a hana sauro cizonsa ba. Ranar da ya kwanta, dole likita ya ba shi maganin da ba a auna da irin jikinsa ba.

Mata Da Jarirai

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ACT. Mata masu cikin wata uku na farko kuwa aka bar su da kwinin, haɗe da wani magani, na tsawon kwana 7. Kwinin yana da ɗaci, yana sa jiri da ƙarar kunne, ana kuma shansa sau uku a yini, saboda haka mata da yawa ba sa gama shi. Babban gwajin da aka buga sakamakonsa a 2016, wanda ya ƙunshi mata 3,428 a Burkina Faso da Gana da Malawi da Zambiya, masu tsohon ciki kaɗai ya ɗauka. Sai da aka tattara bayanan matan da suka sha ACT da sabon ciki, da yawansu ba su ma san suna da shi ba, aka ga bai fi kwinin jawo ɓari ko naƙasa ba. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar ta yarda a ba su atemita-lumefantirin, wanda jama'a suka fi sani da Coartem. Jiran ya kai shekara 21.

Na jarirai ma haka yake. An tsara awon wannan magani ne daga mai nauyin kilo 5 zuwa sama, alhali hantar jinjiri ba ta sarrafa magani kamar ta babban yaro. Sai a watan Yuli na 2025 hukumar magunguna ta Suwizalan ta amince da Coartem Baby, wanda aka yi musamman domin jariran da ba su kai kilo 5 ba. Nijeriya tana cikin ƙasashen Afirka takwas da suka sa hannu wajen duba shi.

Ko yaran da ake gwaji da su ma, wani lokaci awonsu yakan zo da kuskure, domin daga na manya ake lissafo shi. A 2013 aka haɗa sakamakon gwaje-gwaje masu yawa na wani gamin ACT mai ɗauke da fiferakwin, aka ga ƙananan yara ba sa samun isasshe, cutar kuma ta fi dawo musu. A 2015 aka ƙara awon yaran da ba su kai kilo 25 ba.

Yara masu tamowa sun samu nasu binciken a birnin Maraɗi da wani yanki na ƙasar Mali, aka buga shi a 2016. Maganin ya warkar da su, amma adadinsa da ya rage a jininsu bayan mako guda bai kai na sauran yara ba. Haka kuma an tabbatar wasu magungunan ƙanjamau da na tarin fuka suna rage yawan lumefantirin a jini, ga shi masu shan su ba kasafai ake sa su a gwaji ba.

Daga Asibiti Zuwa Ƙauye

Bayan zaɓen mutane akwai bambancin hali. Coartem sau shida ake shansa cikin kwana uku, kuma ya fi shiga jiki in an haɗa da madara ko abinci mai maiƙo. A gida kuwa, da zarar jikin yaro ya yi sanyi, wata uwar sai ta ajiye sauran domin ƙanensa. Wani ya saya a kemis ba tare da gwajin jini ba, wani kuma jabu aka sayar masa.

Babu misalin da ya fi na maganin atesunet da ake cusa wa yaro ta dubura kafin a kai shi babban asibiti. Gwajin da aka yi a Bangaladash da Gana da Tanzaniya, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa a cikin waɗanda suka wuce awa shida ba su isa asibiti ba, maganin ya rage mutuwa da naƙasa da rabi. Amma daga 2018, da aka baza shi a hannun ma'aikatan lafiya na karkara a Kwango da Yuganda da Jihar Adamawa ƙarƙashin shirin CARAMAL, ba a ga ragin mace-mace da aka sa rai ba. Yara da yawa ba a ƙarasa da su asibiti ba, waɗanda aka kai kuma ba duka suka samu allura da cikon magani ba. A farkon 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dakata da faɗaɗa amfani da shi. Masana suka yi ta gardama a kan yadda aka gudanar da binciken, sa'an nan a 2023 Hukumar ta fitar da sabon bayani cewa a ci gaba, muddin an tabbatar yaron zai isa asibiti ya kuma samu cikakken magani.

Akwai kuma gwajin da ya nuna ana iya ɗaukar majinyata yadda suka zo. A 2005 an ga allurar atesunet ta fi ta kwinin ceton masu zazzaɓi mai tsanani a Asiya, amma yawancinsu manya ne. Maimakon a ɗauka haka zai kasance ga yaran Afirka, sai aka shirya gwajin AQUAMAT da yara 5,425 a asibitoci 11 na ƙasashe tara, har da na Ilori. Aka sassauta sharuɗɗan shiga, aka ɗauki yara masu suma da jijjiga da ƙarancin jini. A 2010 sakamako ya fito: kashi 8.5 cikin ɗari na masu atesunet suka rasu, na kwinin kuwa kashi 10.9. Shekara ta zagayo aka sake ƙa'idar jinyar yara a duniya.

Abin Da Ya Rage

Ba wanda ke neman a yi gwaji da ka. Mutanen Kano ba su manta da gwajin Trovan na lokacin annobar sanƙarau a 1996 ba, da shari'un da suka biyo baya. Abin da ake bukata shi ne, da zarar magani ya nuna alamar aminci, a shigar da masu ciki da jarirai da masu tamowa, da cikakken sani da yardarsu ko ta iyayensu, ƙarƙashin idon kwamitin da ke kare haƙƙinsu. Ya kamata kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar NAFDAC da asibitocin koyarwa su riƙa bin sawun magani bayan ya shiga kasuwa, har ɗakunan shan magani na karkara.

Iyaye ma suna da nasu. A gwada jini kafin a sha magani, a shanye shi duka ko da jiki ya yi sauƙi, mace kuma ta gaya wa likita in tana zaton tana da ciki. Yaron da aka cusa wa magani a ƙauye kuwa, kada a kwana da shi a gida, domin jinyarsa ba ta cika sai a asibiti.