Sunan Ɗan Sikawut a Intanet: Yabo Ne Ko Nuna Wa Ɓata-Gari Hanya?

A watan Agustan 1907, lokacin da Robert Baden-Powell ya kwashi yara kimanin 20 zuwa tsibirin Brownsea a Ingila, inda ya kafa sansanin da ya haifi ƙungiyar sikawut, yabon yaro bai wuce kunnen 'yan'uwansa ba. Ƙungiyar ta iso Najeriya a 1915, ta 'yan mata, wato Girl Guides, ta biyo baya a 1919. Shekara da shekaru allon sanarwa na makaranta ne iyakar inda sunan gwarzo ke kaiwa. In ya yi nisa jarida ta buga, bayan kwana biyu a ƙunshe ƙosai da ita.

Yau ko faretin bai watse ba, hotuna sun hau Facebook. Ga yaro cikin kaki da ɗankwalin wuya, ga cikakken sunansa, ga makarantarsu, wani lokaci har da sanarwar inda za a yi sansani mako mai zuwa. Kuma ba 'yan sikawut kaɗai ke yi ba. Reshen yara na 'yan agaji, makarantun Islamiyya a lokacin walimar sauka, masu shirya musabaƙa, duk hanyar ɗaya suke bi.

Dalilansu ba na banza ba ne. Yaron da ya ga sunansa ya fito yakan ƙara himma, uwa kuma ta tura wa dangi na Kano da na Kumasi, a yi ta sa albarka. Ƙungiyar ma tana da tata buƙata: hoto ne ke nuna wa mai ba da gudummawa cewa kuɗinsa ya yi aiki, shi ne kuma ke jawo sababbin yara. Sai babban dalili, wanda ba a cika faɗa ba: sauƙi. Shafin yana hannun wani matashi ɗan sa-kai mai waya, ba wanda ya koya masa abin da ake sakawa da wanda ba a sakawa, kuma niyyarsa alheri ce.

Matsalar ba sunan shi kaɗai ba ne. Musa nawa ne a Zariya? Abin da ke da haɗari shi ne haɗuwar suna da fuska da wuri da lokaci a sako ɗaya. A ƙasar Hausa abin ya ƙara nauyi, domin cikakken suna yakan ɗauko sunan uba, sau da yawa har da gari ko unguwa, kamar yadda ake gani a sunayen Shehu Shagari da Aminu Kano. Wanda ya karanta sunan yaro ya san ɗan wane ne, ya san ko ubansa mai hali ne, ya san unguwar da zai nufa. Baƙon da ya tare yaro a hanya ya kira shi da sunansa, ya ce babanka wane ne ya aiko ni, ya riga ya ci rabin amanarsa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a yankin da aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok a 2014, aka sake kwashe ɗalibai a Dapchi a 2018, a Ƙanƙara a 2020, a Jangebe da Tegina a 2021, sannan a Kuriga a 2024. Gaskiya ne waɗanda suka afka wa makarantun nan ba Facebook suka duba ba. Amma masu garkuwa da ɗaiɗaikun mutane da bayani suke aiki, shi ya sa kowa ke tsoron infoma. Shafin da ya jera sunayen yara da ranar tafiyarsu daji ya yi wa infoma aikinsa kyauta.

Akwai kuma wata illa da ba ta buƙatar bindiga. A 2024 ƙungiyar Human Rights Watch ta gano hotunan yaran Brazil 170 da na Ostareliya 190 a cikin LAION-5B, wata taskar hotuna da ake horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ita. Wasu hotunan suna ɗauke da sunayen yaran, kuma ba wanda ya nemi izinin iyayensu. Abin da aka saka yau yana nan bayan shekara goma, lokacin da yarinyar ta zama budurwa ana neman aurenta, ko yaron yana neman aiki.

Doka ta fara biyo sahu. Amurka ta yi dokar COPPA a 1998, wadda ta hana shafuka tattara bayanan yaran da ba su kai shekara 13 ba sai da yardar iyaye. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wato GDPR, ta fara aiki a 2018. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce sai an samu izinin iyaye ko waliyyi kafin a yi amfani da bayanan yaro, kuma yaro a dokar haƙƙin yara ta 2003 shi ne duk wanda bai cika 18 ba. Sai dai tsakanin ofishin hukuma a Abuja da wayar ɗan sa-kai a ƙaramar hukuma akwai tafiya.

Masu cewa an cika tsoro su ma suna da abin kafa hujja. Ƙungiyar sikawut ta Amurka ta shigar da takardar karyewar arziki a watan Fabrairun 2020, mutane fiye da 80,000 suka ce an ci zarafinsu suna yara, akasari a hannun shugabanninsu. A Kano, an sace wata yarinya 'yar shekara biyar a ƙarshen 2021 aka kashe ta, kuma mai makarantarsu ne kotu ta kama da laifin. Ke nan mugu yakan kasance na gida, ɓoye suna kuwa ba ya maye gurbin tantance malamai da jagorori. Haka kuma idan yaro ya ɓata, yaɗa sunansa da hotonsa na iya zama silar gano shi. Amma wannan larura ce, iyaye ne ke yanke ta da kansu, ba ta yi daidai da jera sunaye saboda an ci kofin fareti ba.

Abin lura shi ne yabo ba ya raguwa don an taƙaita suna. Hoton taro ba suna, ko sunan farko ba hoto, ya ishi ƙungiya ta nuna aikinta. Labarin sansani a saka shi bayan an dawo, ba kafin a tafi ba. Cikakken suna a kira shi da lasifika ranar biki, a rubuta shi a takardar shaida, a tura wa zauren WhatsApp na iyaye. Uban da ya ce kada a saka ɗansa, a bi maganarsa ba tare da an mayar da yaron saniyar ware ba.

Shugabannin sikawut da na 'yan agaji a jihohi za su iya farawa da abu biyu a wannan zango: su ƙara layin neman izinin iyaye a fom ɗin rajista, sannan su koma tsofaffin saƙonnin shafukansu su goge sunayen yaran da ke ciki.