Gyaran Ƙafar da Ta Karkace

Jama'a, wataƙila kun taɓa ganin yaro wanda aka haifa lafiya lau, ya yi tafiya, har ya fara kiwo. Da ya kai wajen shekara goma, sai ƙafarsa ta soma sākewa. Ƙwauri ya tsotse, yatsu suka lanƙwashe, dunduniya ta karkace ciki. Yana taka ƙasa da gefen ƙafa, kullum cikin tuntuɓe.

Mutane sukan ce shan Inna ce. Ba ita ba ce. Shan Inna takan zo da zazzaɓi, ta kashe ƙafa cikin 'yan kwanaki. Wannan kuwa a hankali yake zuwa, kuma ƙafa biyu yake kamawa. Ciwon gado ne. Jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa ƙafa su ne suke raunana. In an bincika, sau da yawa a tarar uban ko uwar suna da irin ƙafar. Likitoci biyu a Faransa da ɗaya a Ingila suka fara bayyana shi a 1886.

Maɗori ba shi da abin yi a nan, don ba karaya ba ce.

Mutumin Ƙanƙara ya fara zuwa asibitin garinsu. Na Faskari da na Sabuwa ga Funtuwa kusa. Daga nan a ba shi takarda zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

In an je da wuri, ƙafa tana da laushi, takalmi na musamman ko ƙaramin aiki yakan isa. In ta sandare, sai babban aiki. Akan jira ƙashin yaro ya yi ƙwari tukuna. A ba shi maganin barci. Likita ya buɗe gaɓoɓi uku da ke ƙarƙashin idon sawu, ya kankare su, ya miƙe dunduniya, ya kafe da ƙusoshi. Ƙasusuwan sai su haɗe, su zama ɗaya.

Amma ku lura. Aikin ba ya warkar da jijiya. Gaɓoɓin nan kuma ba za su sāke juyawa ba har abada. Ribar ita ce tafin ƙafa ya zauna daram a ƙasa, takalmi ya shiga, gefen ƙafa ya daina gyambo.

Ƙafar takan yi wajen wata uku cikin siminti, mako shida na fari ba a taka ta. Saboda haka manomi ya roƙi likita a sa ranar aiki bayan kaka, don shuka ta same shi a tsaye.