Magatama: Dutsen Adon da Japan Ta Manta Tushensa

Magatama ɗan dutsen ado ne na mutanen Japan na dā, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, da huda a ɓangarensa mai kauri. Mafi daraja shi ne wanda aka yi da koren dutsen da suke kira hisui.

Tun shekaru kusan 5,000 da suka wuce, a zamanin Jomon, mazauna Itoigawa a lardin Niigata suke tsintar hisui a bakin teku da koguna. Dutse ne mai taurin gaske, ga shi lokacin babu ƙarfe. Sai a yi ta goga shi a jikin wani dutse mai kaushi. Huda kuwa, masana na ganin siririyar gora ake murzawa, ana zuba rairayi da ruwa. Mai gajen haƙuri ba zai iya ba. An tono hisuin Itoigawa har a tsohon matsugunin Sannai-Maruyama, can arewacin Japan.

Wajen ƙarni na 8 sana'ar ta mutu, aka manta inda dutsen yake, har ana zaton daga ƙetare aka kawo shi. Sai a 1938 aka sake gano shi a kogin Kotaki da ke Itoigawa.

Har yau magatama na cikin kayan sarauta uku na Sarkin Japan.